Rumfunan Thorkild

Ban taɓa neman kare ba. Sofus na yayana Ejvind ne. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka kai shi gidan kula da tsofaffi, sai aka rasa yadda za a yi da karen. 'Ya'yansa suna birni a gidajen bene, kowa da uzurinsa. Ni na rage, na ce a kawo shi.

Karen farauta ne, dogo, siriri, fari da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Irin waɗanda in sun shaƙi tsuntsu sai su sandare wuri guda, su ɗage ƙafar gaba, su miƙe wutsiya, ba za su motsa ba sai maharbi ya iso. A hannun Ejvind ya saba gudu tun safe har yamma. Ni kuwa na bar aikin gidan waya da ciwon gwiwa, tsakar gidana kuma bai fi shimfiɗar tabarma uku ba.

Da sanyi ban sha wahala ba. Sai in kai shi bakin teku in kwance masa igiya, ya yi ta tsere da kumfar ruwa har ya gaji. Amma da Afrilu ya kama doka ta dawo, ba kare a bakin ruwa sai da igiya. Cikin tuddan rairayi kuma tsuntsaye sun fara kwanci, bareyi na haihuwa, ba wanda zai yarda. Na kai shi dajin da ƙaramar hukuma ta kewaye don sakin karnuka. Ashe iska ta kayar da shingen ta ɓangaren titi, ba a gyara ba. Ya ga barewa, ya bi ta, ya tsallake titi a gaban motar madara. Har yau ina jin ƙarar birkin nan a kunnena. Na gwada filin ƙwallon makaranta ranar Lahadi, mai kula da wurin ya fito yana ɗaga hannu kamar na kawo kura.

Sai zama ya gagara. Sofus ya cinye ƙafar kujera, ya yage labule. In na zauna cin abinci sai ya tsaya a bakin ƙofa yana wani siririn kuka da ke shiga har cikin haƙori.

Maƙwabciyata Bodil, wadda ke aiki a gidan ƙyafa kifi na bakin tashar jiragen ruwa, ita ta leƙo ta saman shinge wata rana, sigari a baki.

"Solvej, wai yanka shi kike yi ne a ciki? Tun asuba nake jin kiɗan nan."

"Ki ba ni filin da zan sake shi, in ba ki shiru."

"Ke da kika ce ko kyanwa ba kya so. Ga shi tsufa ya kawo miki miji mai ƙafa huɗu." Ta yi dariya har da tari. "Kin gwada wajen Thorkild?"

"Wane Thorkild?"

"Mai gonar mink, bayan dajin gwamnati. Ai shingensa ko ɓera ba ya fita. Shekara nawa wurin yana nan ba komai ciki. Ki je ki tambaye shi. Kada dai ki cika shi da surutu."

Kowa a yankinmu ya san gonakin nan. Mink ɗan ƙaramin dabba ne mai kama da tunku, ana kiwonsa saboda fatarsa, kuma a shekarar annoba aka ba da umarni a kashe su duka a faɗin ƙasar. Tun daga lokacin rumfunan kiwon suke tsaye suna jiran masu rushewa. In kana wucewa a mota za ka ga dogayen rufinsu a jere, ka kau da kai.

Na sami Thorkild a ƙofar gidansa yana wanke bokiti. Dattijo ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa duk tabon cizo, tsofaffi, farare. Ya saurare ni bai ɗago ba. Ya dubi Sofus ya daɗe.

"Yana kama ƙananan dabbobi?"

"Nuna su kawai yake yi. Bai taɓa cizon komai ba sai kujerata."

Bai yi murmushi ba. Ya shiga ciki ya fito da mabuɗi ɗaure da jar igiya.

"Ki riƙa zuwa bayan rana ta karkata. Da safe ina da aiki."

Na kusa tambayarsa wane aiki, sai na tuna gargaɗin Bodil.

Shingen na santsin kwano ne, ya kai mini ƙirji, ya kewaye wurin gaba ɗaya. A ciki rumfuna dogaye a jere, rufinsu ƙasa-ƙasa, gefensu a buɗe. Kowace rumfa da hanyar siminti a tsakiya, hagu da dama kejin waya ne manne da juna har inda ido ya ƙare. Tsakanin rumfa da rumfa ciyawa ta yi tsawo, kuma a can baya akwai fili mai faɗi. Na kwance wa Sofus igiya. Ya dube ni kamar bai yarda ba, sannan ya fyalla. Kunnuwansa na kaɗawa, cikinsa na shafar ciyawa, ya zagaye shingen ya sake zagayewa. Na zauna a kan wani tsohon akwati na zuba kofi daga fulas, sai na ji hawaye a fuskata. Daren nan muka yi barci mu biyu har gari ya waye.

Kwanakin farko ban lura da komai ba sai shirun wurin. A garinmu ba inda za ka tsaya ba ka ji tsuntsayen teku ba. A nan kuwa sai su zo daidai shingen su karkace, su bi ta gefe. Na ce ƙila warin da ya rage ne, don har yanzu akwai shi, wani wari mai nauyi mai kama maƙogwaro.

Wata rana Sofus yana cikin gudu sai ya tsaya cak a bakin wata rumfa. Ya ɗage ƙafa, wutsiya ta miƙe. Na ce ko zomo ne. Na matsa a hankali na bi hancinsa da ido. Keji yake nunawa, na farko a layin. Ba komai ciki. Ya daɗe a haka, sai ya yi taku ɗaya ya sake sandarewa a gaban na biyu. Sai na uku. Haka ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, jikinsa na ɓari.

Na leƙa. Kowane keji yana da ɗan akwatin katako na kwana a bayansa. Busasshiyar ciyawar da ke cikin akwatin sabuwa ce, rawaya fes, kuma a tsakiyarta akwai ɗan rami zagayayye, irin wanda abu ke bari in ya naɗe jiki ya kwanta. A saman wayar kuma ga dunƙulen abinci, niƙaƙƙen kifi, da danshinsa. Na duba na gaba, haka. Har ƙarshen layin haka.

Washegari na je musamman na duba. Abincin jiya babu shi, wayar a lashe tas. An sa sabo.

Na faɗa wa Bodil da yamma, muna cin baƙin burodi da ƙyafaffen kifi a kicin ɗinta.

"Au, sai yanzu kika sani? Ai a wurinmu yake kwasar kawunan kifi da kayan ciki. Duk mako yana zuwa da bokitansa."

"Kuma ba wanda ya ce masa komai?"

"A ce masa me? Mutumin da aka sa ya kashe su da hannunsa, shi da matarsa, kwana da kwanaki suna yi. Uban ubansa ya fara kiwon nan. Matar tasa, Ingeborg, ba ta sake shiga gonar ba, shekara ba ta zagayo ba ta rasu. In ciyar da iska ne ke tashinsa daga gado, ya ciyar."

"To wa ke cin abincin?"

"Ɓeraye mana. Ke dai akwai ki da neman magana."

"Da akwai ɓera da Sofus ya tono shi."

"To fatalwa ce. Ki gaishe su, ki ce ina son kwalar riga ta fatarsu." Ta yi dariya ta tura mini man shanu. Ni ma na yi, amma ba ta kai ciki ba.

Ban daina zuwa ba. Ina zan je? Karen ya yi kyau, gashinsa na sheƙi, ya daina kuka. In na kai wa Ejvind hoton Sofus yana gudu, ɓangaren fuskarsa mai lafiya sai ya yi murmushi. Sai dai na koyi zama a filin baya, in juya wa rumfunan baya.

Sau ɗaya na yi kuskuren zuwa da wuri, saboda ina da ganin likita da rana. Tun daga ƙofa na ji ƙarar ƙaramar motar rabon abinci. Na riƙe Sofus a igiya na tsaya. Thorkild na zaune a kanta yana tafe a hankali cikin rumfa, bututu a hannu, yana ɗiga wa kowane keji rabonsa. Yana magana ƙasa-ƙasa, irin yadda ake yi wa jarirai. Wayoyin kejin kuwa sai kaɗawa suke, caka-caka-caka, kamar ana hawansu ana sauka. Na ce wa kaina girgizar injin ce. Amma ƙarar ba a gefensa take ba, a gabansa take, inda bai kai ba tukuna. Duk kejin da ya ɗiga wa abinci sai ya yi tsit. Rumfar da ke kusa ma, wadda ba mota a cikinta, ta ɗauka.

Ya ɗago ya gan ni. Ya kashe injin. Komai ya tsaya.

"Na ce bayan rana ta karkata."

"Yi haƙuri, Thorkild. Zan koma."

Ya dube ni, ya dubi karen da ya lafe a ƙafata. Muryarsa ta sauko.

"Ba sa son baƙo lokacin cin abinci, shi ke nan. Ba wani abu ba ne."

Bayan wannan na yi kwanaki ban je ba. Na riƙa jan Sofus a igiya a gefen titi, yana jana ina jansa, har gwiwata ta kumbura. Ranar da ya koma wa ƙafar kujera na ɗauki mabuɗin.

A daren da ya gabata an yi sanyi mai tsanani, irin na ƙarshen Afrilu da ke ƙone furen itatuwa. Da safe sai da na kankare gilashin mota. Da rana kuma hazo ya taso daga teku. Ina kan hanya ya cim mini, fari, mai danshi, har ba na ganin bakin titi sosai. Na ga motar Thorkild a ƙofar gidansa, amma hayaƙi ba ya fita daga bututun rufin.

Ina buɗe ƙofar shingen na ji shi. Duk rumfunan ne gaba ɗaya. Wayoyi na kaɗawa ta ko'ina cikin hazon, gaba da baya, hagu da dama, kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano. Kuma babu ko ɗigon iska. Ganyen ciyawa ma ba ya motsi.

Da na san abin da nake yi da na juya. Amma hannuna ya riga ya saba, na kwance igiyar ban sani ba. Sofus bai yi wajen filin ba. Ya sa hanci ƙasa ya shige tsakanin rumfuna, hazo ya haɗiye shi.

"Sofus! Zo nan!"

Muryata ta dawo mini a dakushe. Na bi gefen rumfar farko ina dafa ginshiƙai. Na dubi saman kejin, ba abinci. Ba na yau, ba na jiya. Na yi ta kira ina tafiya, ƙarar na bina ta kowane gefe, ina kallon wayar da idona tana rawa, ba abin da ke taɓa ta. Sai na ji haushi guda ɗaya, can ƙurya, wajen rumfar ƙarshe.

Ina sa ƙafa a kan simintinta komai ya ɗauke. Shirun ya fi ƙarar tsoro. Na ji ɗigar ruwa daga rufi, na ji numfashina.

Motar rabon abinci na tsakiyar hanya, ta karkace ta daki ginshiƙi. Thorkild na kwance a ƙasa a gefenta, rigingine, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Sofus na tsaye nesa da shi kaɗan, a sandare, ƙafa a ɗage, hancinsa na nuna ƙirjin dattijon. Gashin bayansa duk ya miƙe.

Na ɗauka gawa ce. Sai idanunsa suka motsa.

"Kada ki ɗaga murya," in ji shi, da kyar. "Za ki firgita su."

Na durƙusa a hankali. Ina durƙusawa kan Sofus ya fara juyawa, daga ƙirjin Thorkild zuwa ƙasa, ya bi simintin da ido har ƙarƙashin keji. Ya dawo ya sake bin wani ta ɗaya gefen. Ya sake. Kamar mai kallon yara suna watsewa daga filin wasa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Jiya da safe. Santsi ne. Wayar hannuna na kan tebur."

Na kama hannunsa ina jiran in ji ƙanƙara. Da ɗumi. Na sa tafina a kan rigar sanyinsa. Ƙirjin, cikin, har wuyansa, ko'ina da ɗumi, irin ɗumin kujerar da kyanwa ta tashi daga kai yanzu-yanzu. Rigar duk ta lotsa gurbi-gurbi, ƙanana. Simintin da ke gefensa kuwa da na dafa sai da sanyinsa ya shiga mini ƙashi.

"Sun yi haƙuri da ni," ya ce. "Kwana biyu ba su ci ba, amma sun zo."

Na kira motar asibiti. Na cire rigata na lulluɓa masa, na zauna riƙe da hannunsa, Sofus ya zo ya manne a bayana yana rawar jiki. Da ma'aikatan suka iso, wata matashiya ta gwada zafin jikinsa, ta sake gwadawa, ta kalli abokin aikinta.

"Baba, ka tabbata a nan ka kwana? Cikin sanyin jiya?"

"A nan."

"To lallai jikinka ƙarfe ne."

Da suka tafi na dubi tafin hannuna. Gashi ne manne da shi, gajere, baƙi-baƙi, mai laushi kamar toka. Tsohuwar gona ce, gashi ba ya rasa maƙalewa a lungu. Haka na faɗa wa kaina ina goge shi a ciyawa.

Ƙugunsa ne ya karye. Bayan an yi masa aiki na je duba shi da ɗan kek na kirfa. Ya rame, ya zama ƙarami a cikin farin gado. 'Yarsa ta zo daga birnin Aarhus, ta fita ta ba mu wuri.

"Ba zan koma ba," ya ce. "Ta gama magana, wajenta zan tafi. Ta kira masu rushewa ma." Ya murza bakin bargo. "Solvej, ina da roƙo."

"Ina ji."

"Ba na ce ki ciyar da su ba. Wannan ba aikinki ba ne. Ki buɗe musu kawai. Kowane keji da ɗan maƙulli a sama, ɗagawa ake yi. Ni na kasa. Kullum sai in ce gobe." Idanunsa suka kawo ruwa. "Kada injin rushewa ya same su a kulle. Sau ɗaya ya isa."

Na ce to. Ban san zan ce ba sai da na ji ta fito.

Ban iya zuwa ni kaɗai ba. Bodil ta zage ni tas, ta ce tsofaffi biyu sun haukace sun rasa wanda za su ja sai ita, sannan ta sa takalmin roba ta shiga mota. Ranar garau take, rana na haskawa. Na ɗaure Sofus a jikin ginshiƙin ƙofar shinge, muka bar ƙofar a wangale.

Ta ɗauki layin hagu na ɗauki na dama. A ɗaga maƙulli, a tura murfi baya, a wuce. Da farko bakinta bai huta ba.

"Fito, ranki ya daɗe. Fito, mai gida. A gaida mutanen daji. Kai kuma ka biya kuɗin haya kafin ka tafi."

A rumfa ta biyu maganar ta ragu. A ta uku ta daina. Sigarin da ta kunna ya mutu a bakinta ba ta sani ba. Ba abin da ake ji sai ƙarar maƙullai, ƙwas, ƙwas, da takunmu. Yatsuna suka yi jini, gwiwata ta yi tsami, amma ba wadda ta ce a huta. Duk lokacin da muka fito daga wata rumfa za mu shiga wata, sai in hangi Sofus a bakin ƙofa. Ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa. Idanunsa ne kaɗai ke tafiya, daga cikin gona zuwa waje, daga ciki zuwa waje. Doguwar ciyawar da ke tsakanin rumfuna kuma ta kwanta layi-layi, sirara, duk sun nufi ƙofa.

Rana ta yi ƙasa muka gama. Muka bar mabuɗin a akwatin wasiƙun gidan.

Kafin kaka an rushe rumfunan, an kwashe shingen. Thorkild ya yi shekara guda da wani abu a wajen 'yarsa kafin ya rasu. Ni kuwa daga baya wani manomi a kudancin gari ya kewaye makiyayarsa ya buɗe wa masu karnuka, can muke zuwa yanzu. Akwai hayaniya, akwai laka, akwai wata mata da ba ta gajiya da labarin cikin karenta. Na fi son haka.

Ni da Bodil ba mu taɓa tayar da zancen ranar ba, sai sau ɗaya. Muna shanya kaya, kowa a tsakar gidanta, shinge a tsakaninmu. Ba ta dube ni ba ta ce:

"Solvej. Ranar nan. Ke ma kin ji abu yana gogar idon sawunki?"

Na ce na ji.

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki wani zanen gado ta yarfa shi a kan igiya.